Huji Huɗu a Jikin Mavis

Duk wanda ya san Glenys Trengove a Kadina ya san ba ta iya ganin ƙarfen da aka yanka a karkace ta yi shiru. Shekarunta sittin da tara, gajera ce, hannuwanta duk tabon yankan kwano, kuma in ta ɗaga kai ta kalli rufin gidanka sai ta gaya maka inda zai fara yoyo, ko ka tambaye ta ko ba ka tambaya ba. Gadon gida ne. Babanta, Stan Polkinghorne, tankunan tara ruwan sama yake ƙera wa manoma a Moonta. 'Ya'yansa biyar duk mata, sai ya zaɓi ta ukun ya danƙa mata almakashin ƙarfe tun tana shekara tara. Daga baya ta yi shekara ashirin da huɗu a wata masana'antar injin wanki a Adelaide, a sashen da ake fitar da samfurin farko kafin a buga dubbai. Da aka rufe masana'antar, aka ba kowa agogon hannu da takardar godiya, ita da mijinta Des suka tattara suka dawo gida.

Des makanike ne, dogo, mai taurin kai na gasken gaske. A wurin rawa suka haɗu. Ya raka ta waje don ta ga motarsa ta yaba, ita kuwa ta durƙusa da rigar kwalliyarta ta leƙa ƙasa ta ce wanda ya ɗaure masa salansa bai san aikinsa ba. Shi ne ya ɗaure da hannunsa. Bayan wata takwas aka yi biki.

'Ya ɗaya Allah ya ba su, tana Perth da iyalinta. Sai kuma Mavis. Mavis tsohuwar mota ce ƙirar Ford ta 1932, wadda suka tsinta a bayan gonar wani manomi kaji na ƙwai a cikinta. Shekara goma sha ɗaya suna farfaɗo da ita. Glenys ta yanke rufin ta sauke shi inci uku, ta buge kowace lotsawa da guduma har jikin ya koma sumul. Des ya dasa mata inji mai silinda takwas. Ranar da aka fara tayar da ita tagogin maƙwabta suka yi rawa, shi ya sa aka raɗa mata sunan gwaggon Des, matar da in tana gaisuwa a bakin coci ana jin ta daga kasuwa.

To, abin da Des ya yi suna a kai shi ne kunne. Duk Asabar 'yan ƙungiyar masu tsofaffin motoci sai sun yi layi a ƙofar garejinsa, wasu daga nesa. Zai ɗora bakin dogon sukundireba a jikin inji, ya manna ƙotar a kunnensa, ya lumshe ido. Can sai ka ji ya ce, "Fulogi na biyar," ko "Kafireta ta baya tana shan mai fiye da 'yar'uwarta." A kwance a duba, haka ne. Samarin da ke jera geji, agogon awo mai allura, a gefen injinsu kuwa sun sha ba'a a wurinsa. "Wanda sai ya duba allura zai san injinsa na jin yunwa," in ji shi, "ya je ya sayi keke." Shi ya sa bangon ƙarfen da ya raba injin Mavis da wurin zaman direba babu ko huji ɗaya na banza a jikinsa. Baƙi ne wuluk, yana sheƙi, kuma da shi Des yake alfahari fiye da komai a motar.

Glenys ta riga kowa gane cewa kunnen nan ya fara mutuwa, ita da ke kwana da tashi da shi. Da farko ta ɗauka kunnen uwar shegu yake mata, don halinsa ne in aka yi zancen yankan ciyawa. Sai ta lura butar shayi na ta fito a kan wuta, yana zaune dab da ita yana karatun jarida. Ran nan ta tsaya a bayansa ta ce, da ƙarfi kuwa, "Des, na sayar da Mavis, gobe za a zo ɗauka." Ya ce, "To, madalla," bai ko ɗago ba. Ta koma kicin dariya ta kama ta, kafin ta gama dariyar hawaye ya zubo. Da ta kawo masa maganar likita ya ce kunnensa garau, mutanen zamani ne ke magana kamar da dankali a bakinsu.

Ana haka abin Merv ya faru. Merv Kuchel abokin Des ne tun firamare, manomin sha'ir da ya bar wa ɗansa gona. Shekara shida ya yi yana haɗa injin tsohuwar a-kori-kurarsa, ya kawo ta wata Asabar cikin Oktoba don Des ya sa albarka. Aka tayar. Can ƙasa akwai wata 'yar ƙara, ƙas-ƙas-ƙas, ba ta da ƙarfi amma tana nan. Maza huɗu da ke tsaye sun ji. Merv ya ji. Glenys da ta fito da tiren shayi ita ma ta ji. Des ya ɗora sukundireba, ya lumshe ido, ya daɗe, sannan ya buga gefen motar ya ce, "Lafiyarta ƙalau. Je ka taka ta." Kowa ya dubi ƙasa. Wa zai ce wa Des Trengove bai ji daidai ba? Merv ya fi yarda da kunnen Des a kan nasa, ya hau titi. Bai yi kilomita talatin ba injin ya buga, sandar fistin ta fasa gefe ta leƙo waje.

Da Merv ya yi faɗa da ya fi sauƙi. Sai ya zo washegari yana murmushi yana cewa ƙarfe ne, kowane da ranarsa. Des ya nufi gareji. Ya lulluɓe Mavis da tamfol, ya kulle gareji, ya rataye makullin a ƙusar gefen firji. Wata biyar makullin nan bai motsa ba. Mutumin da ba ya iya zama minti goma ya koma kujera, yana kallon wasan kurket da a da yake cewa na marasa aikin yi ne. Wandonsa ya yi masa yawa, ya ƙara wa bel huji. Masu zuwa ran Asabar suka ɗauke ƙafa don kunya. Glenys kuwa tsoro ne ya cika ta, don ta taɓa ganin irin wannan zama. Lokacin da tankunan roba suka fito manoma suka daina neman babanta, haka ya zauna a baranda, ba ciwon kai ba zazzaɓi, kuma bai cika shekara biyu ba aka binne shi. Ta rantse ba za ta sake zuba ido ta ga kujera ta cinye mata mutum ba.

Wata Talata da safe ta zare makullin ta kira Merv.

"Geji uku nake so," ta ce da ya iso. "Na ƙarfin baƙin mai, na fetur, da na iskar da inji ke zuƙa. Masu manyan lambobi."

"A ina za ki liƙa su?"

Ta yaye tamfol ta nuna masa baƙin bangon.

Merv ya cire hula ya sosa sanƙonsa. "Bangon Mavis? Haba Glenys, ki bari in je in rubuta wasiyya tukuna. Ai gara ki huda shi da kansa."

"Ado ne. Akwai baje kolin motoci a watan Mayu, ina son kofi da sunana a jiki."

"Ke? Ba ke kika ce kofunan nan tarkacen tara ƙura ne ba?"

"Na tsufa, na sake ra'ayi. In an tambaye ka abin da za ka faɗa ke nan, ka ji ko? Zo ka tsaya nan."

Ta kai shi gefen hagu na injin, inda ta yi shekara talatin tana kawo wa Des shayi tana tarar da shi a sunkuye. Des ya fi Merv tsawo da inci huɗu, don haka ta jawo bulo biyu ta ce ya hau. Ta sa ya jingina ƙugunsa da tayar gaba, ya ɗora gwiwar hannun hagu a kan lagireto, ya miƙa na dama wajen kafireta.

"Sunkuya. Ba haka ba, kamar wanda ya yar da sulalla. Karkata kai dama kaɗan. Yauwa, kada ka motsa."

"Bayana zai karye, baiwar Allah."

"In ya karye na yi maka walda."

Ta ja zare daga karan hancinsa zuwa bangon, ta auna, ta rubuta a bayan ambulan. Merv ya sauko yana dafe ƙugu, ya kalli zaren, ya kalle ta. Bai ƙara zancen kofi ba. Ran Alhamis ya kawo geji ukun a naɗe cikin tsohon tawul, da ta tambayi kuɗinsu ya ce ta kiyaye shi.

Ta fara da kwalin hatsin karin kumallo, kamar yadda babanta ya koya mata, don kwali ba ya jin haushi in ka yi kuskure. Sau uku tana yankawa tana gwadawa kafin ta yarda. Sannan ta zana siffar a kan fallen alminiyom, ta yanka, ta bi gefen da magagari har ya daina kama yatsa. Ta fitar da manyan ramuka uku na geji. Wahalar tana wajen lanƙwasa. Farantin ado a shimfiɗe ake yin sa, ya kalli gaba, don masu yawon kallo su gani. Nata kuwa ta yi wa gefen dama ƙafa mai tsawo, na hagu gajera, yadda in aka ɗaure shi zai juya fuska ya kalli inda hancin Merv ya tsaya.

Sai ado, don in babu shi ƙaryarta ba za ta tsaya ba. Akwai wani tsohon aiki da ake yi wa alminiyom, wanda ba kowa ke da haƙurinsa ba yanzu. Ana samun guntun katako mai kaurin yatsa, a manna masa fata a baki, a ɗaura a injin huji na tsaye, a shafa wa farantin man nan mai tsaki-tsaki da ake goge bawul da shi. Ka sauke katakon ya taɓa, ka ƙirga biyu, ka ɗaga, ya bar ɗan da'ira mai ƙyalli. Ka matsa rabin faɗinta, ka sake. Kowace da'ira tana hawa kan rabin ta baya, layi bayan layi, daga ƙasa zuwa sama, kamar ɓawon kifi. Ba a komawa baya, ba a gyara. Ba a ma tashi shan shayi, don in ka dawo nauyin hannunka ya canza, kuma layin zai tona maka asiri har abada.

Na farko ya lalace a layi na goma sha tara. Sanyin ƙashin wuyan hannunta ya soke ta, ta danna fiye da kima, da'ira ɗaya ta fito da duhu. Merv ya ce wallahi ba mai gani. Ta ce Des zai gani daga bakin ƙofa, ta wurga shi kwandon tarkace, ta koma kan sabon falle. Na biyun ta fara shi ƙarfe bakwai na safe, ta kashe rediyo, ta sha maganin ciwo guda biyu. Ba ta ɗaga kai ba sai bayan ƙarfe ɗaya, da'ira ɗari tara da 'yan kai, hannunta ya ƙage har ta kasa buɗe yatsu.

Abin da ya fi ciwon hannun zafi shi ne, kwana biyar tana yanka tana bugu tana huji a garejinsa, taku talatin daga kujerarsa, bai ji ba. A ranta ta yi ta fatan ya banko ƙofa yana masifar wa ya taɓa masa kaya. Shiru.

Ran Asabar da rana ta ajiye masa abinci, ta ajiye farantin a gefe da geji ukun a ɗaure, ta zauna tana fuskantarsa yadda zai ga bakinta.

Ya daɗe yana kallo. Hasken taga yana bin da'irorin nan yana yawo. Ya kai yatsa zai taɓa, ya fasa.

"Na wa ne?"

"Na Mavis. Ina son kofi a watan Mayu."

"Mavis ba ta sa 'yan kunne."

"Za ta sa. Rabinta nawa ne, ko ka manta wa ya sauke mata rufi?"

"To ki liƙa a rabinki. Inji nawa ne, bango nawa ne. Shekara talatin ina yi wa yaran nan dariya, yanzu so kike Kadina kaf ta yi min?"

"Ni za su yi wa. Tsohuwa ta rikice tana son ƙyalƙyali." Ta miƙe ta ɗauki farantin. "Huji huɗu ne kawai, tsoho. Ko ka yi, ko in yi. Hannuna kuwa ka gan shi, rawa yake, in bakin ya zame ya karce fentin ba ruwana."

Ta fita ba ta waiga ba. Ta shiga gareji ta manna tef a bangon, ta ɗiga alama huɗu da fensir, ta jona injin huji na hannu. Ta tsaya riƙe da shi. Minti ɗaya, biyu. Ta fara tunanin ko dai ta yi wauta, sai inuwa ta rufe ƙofa.

"Ajiye wannan abin," in ji Des. Ko takalmin kirki bai sa ba, silifas ne a ƙafarsa. "In za a ji wa Mavis ciwo, ni zan ji mata."

Ya karɓi farantin ya ɗora a kan alamomin, ya ja baya ta gaban mota ya kanne ido ɗaya. Sai ga murmushin mugunta, na farko cikin wata biyar.

"Kai, yau na ga abin mamaki. 'Yar Stan Polkinghorne ta yi aiki a karkace. Riƙe min nan in ga ta ina kika kauce."

Ta riƙe. Ya zaga ta hagu, ya jingina ƙugu da taya, ya ɗora gwiwar hannu a kan lagireto, ba tare da ya san ya yi ba. Ya ɗaga ido. Fuskoki uku suna kallonsa tsaf, lambobin manya, ko tabarau ba ya buƙata.

Murmushin ya tafi. Mai sana'a ne, ba sai an yi masa bayani ba. Ya daɗe a sunkuye a wurin, har hannun Glenys ya fara gajiya.

"Wa ya tsaya miki kika auna?"

"Merv. A kan bulo biyu."

Ya yi wata 'yar dariya da ba ta fita daidai ba. "Ashe Merv ma ya sani."

Ta jira sai da ya dube ta. "Kowa ya sani, Des. Ranar nan duk mun ji ƙarar, har ni da tirena. Mu shida muka tsaya kamar gumaka muka bar ka ka faɗa. Injin Merv ba kai kaɗai ka kashe shi ba, kuma ni kunyar shirun da na yi ta hana ni sakat tun Oktoba."

Ya goge hanci da bayan hannu, ya ɗauki injin hujin, ya duba bakin, ya ce wannan ya dakushe, ya canza wani. Huji huɗun nan ya yi su a hankali, yana hure garin ƙarfen bayan kowane. Suka ɗaure farantin tare, shi yana jona siraran bututu, ita tana miƙa masa noti. Sai wajen la'asar suka gama, abincin yana can kan tebur ya sandare.

"Shiga ki tayar."

Mavis ta yi tari sau biyu ta kama, kwanon rufin gareji ya ɗauki rawa. Glenys ta fito ta tsaya gefensa. Allurar baƙin mai ta hau ta zauna daram. Ta iska kuwa sai karkarwa take tana kai da komo. Des ya zuba mata ido, ya kai sukundireba kan kafireta ta gaba, ya murɗa kaɗan, ya jira, ya koma ta baya. Allurar ta rage rawa, ta ɗan hau, ta tsaya cak. Ya kalle ta kamar bai yarda ba.

Sannan ya juyo ya matso da fuskarsa kusa da ta matarsa. Idanunsa sun yi ja.

"Shekara uku rabona da jin muryarta, Glenys. A tafin ƙafa nake jin ta, da ƙirji, shi ke nan. Allura ba ta faɗin komai da komai. Saurara min. Me kike ji?"

Ta saurara. Rurin yana nan yadda ta san shi, mai kauri, mai cika ciki. Amma can baya, ƙarƙashin rurin, akwai wani ɗan tik-tik siriri. Ta dubi mutumin nan da wandonsa ya yi masa yawa, wanda yau ne ya fara tsayawa da ƙafarsa, kuma ba abin da take so a duniya irin ta ce masa lafiya ƙalau.

"Akwai ƙara," ta ce, tana buɗe baki sosai don ya karanta. "Ƙarama. Can baya, ta wannan gefen."

Ya rufe ido na ɗan lokaci. Da ya buɗe sai ya gyaɗa kai.

"Nuna min da yatsa."

Ta nuna masa. Ya naɗe hannun rigarsa, ya ce ta kashe motar ta miƙo masa sifana.